Casio fx-5800P a Teburin Taswira: Kalkuletar da ta Dace da Lissafin Hanya da Taurari

Duk wanda ya fara koyon gano matsayin jirgin ruwa ta hanyar auna tsayin Rana da Wata da taurari, ba da daɗewa ba zai lura cewa ɗaga sekistan, wato na'urar auna kusurwa mai madubai biyu, da sauko da tauraro har ya taɓa layin da sama ta haɗu da ruwa, shi ne ɓangaren da ya fi daɗi a cikin aikin. Abin da ke biyo baya lissafi ne tsantsa, kuma a nan ne mafi yawan kurakurai suke shigowa, musamman idan mutum ya kwana bai runtsa ba, jirgi yana tangaɗi, ga ƙarancin haske a teburin taswira. Wannan ne ya sa tun a shekarun 1970 matuƙa suka rungumi kalkuleta mai ɗaukar manhaja, wadda ake rubuta mata matakan lissafi sau ɗaya ta riƙe, daga nan sai dai a riƙa ba ta alƙaluma tana fitar da amsa. A cikin waɗanda ake iya samu sababbi a yau, wadda nake ganin ta fi dacewa da ɗalibi, da kuma matuƙin da ke neman abin dogaro idan GPS ya ɗauke, ita ce Casio fx-5800P, kodayake tana da gazawar da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya biya kuɗinsa.

Mai karatu yana iya tambayar amfanin wannan wahala a zamanin tauraron ɗan'adam. Amsar ita ce siginar GPS mai rauni ce, ana iya toshe ta, ana kuma iya yi mata ta bogi. A watan Yunin 2017 jiragen ruwa fiye da ashirin a Baƙin Teku, kusa da tashar Novorossiysk ta Rasha, sun ga na'urorinsu suna nuna musu cewa suna kan tudu, kuma tun daga lokacin ana ta samun rahoton irin haka a tekun Baltik da gabashin Bahar Rum da Bahar Maliya. Makarantar horar da hafsoshin sojan ruwa ta Amurka da ke Annapolis ta dawo da darasin taurari a 2015 bayan ta yi shekaru da ajiye shi. Haka kuma yarjejeniyar STCW, wadda ta tsara ƙa'idar horar da ma'aikatan jiragen ruwa a duniya, har yanzu tana buƙatar hafsan da ke gadin tuƙi a babban jirgi ya iya gano matsayinsa da abubuwan da ke sama, shi ya sa ɗalibanmu da ke makarantar koyon aikin jirgin ruwa ta Oron a Jihar Akwa Ibom, ko jami'ar harkokin teku ta yanki da ke Akara, ba su da makawa sai sun zauna da wannan lissafi.

Kafin a yi wa kowace kalkuleta hukunci, ya kamata a san aikin da za a ɗora mata. Da farko ana gyara kusurwar da sekistan ya nuna: a cire kuskuren na'urar kanta, a cire saukar layin teku saboda tsayin idon mai awo daga saman ruwa, wanda ake samu ta ninka 1.76 da saiwar tsayin (square root) a mita, ta yadda mai tsaye a mita 9 zai cire minti 5.3 na kusurwa, sannan a cire lanƙwasar da iska ke yi wa haske, a ƙara ko a rage rabin faɗin Rana wanda yake kusan minti 16, idan kuma Wata ne a yi masa gyaran kusancinsa da ƙasa, wanda yakan kai kusan digiri guda. Bayan haka sai a buɗe kundin Nautical Almanac, wanda Birtaniya ta fara fitarwa domin shekarar 1767 a ƙarƙashin Nevil Maskelyne, a ɗauko GHA, wato kusurwar tauraron zuwa yamma daga layin Greenwich da ake fara ƙirga longitud daga gare shi, da karkatar tauraron daga ikwaita a daidai sakan ɗin da aka yi awo. Daga nan a zaɓi wani wuri da ake zaton jirgi yana kusa da shi, a lissafa tsayin da ya kamata a ga tauraron daga wurin da wannan ƙa'ida: sin Hc = sin L × sin d + cos L × cos d × cos LHA, inda Hc shi ne tsayin da aka lissafa, L latitud ɗin wurin, d karkatar tauraron, LHA kuma kusurwar tauraron zuwa yamma daga longitud ɗin wurin. Bambancin da ke tsakanin tsayin da aka auna da wanda aka lissafa shi ne tazarar da za a matsa a kan taswira, kowane minti ɗaya na kusurwa yana daidai da mil ɗaya na teku, wato mita 1852. Wannan ita ce dabarar da hafsan sojan ruwan Faransa Marcq Saint-Hilaire ya bayyana a 1875, kuma ita ce har gobe ake koyarwa. A da ana yin wannan mataki da manyan littattafan jadawali irin su HO 229 da HO 249, kalkuleta kuwa tana gama shi kafin a ajiye fensir.

Lissafin ba mai nauyi ba ne, kuma tsofaffin na'urori sun ɗauke shi ba tare da gajiya ba. HP-65 ta 1974, wadda ita ce kalkuletar hannu ta farko mai ɗaukar manhaja, tana adana matakai ɗari ne kawai a kan ɗan katin maganaɗisu, amma matuƙa sun yi aiki da ita. HP-41C ta 1979 an yi mata ƙaramin ƙunshin manhajar tuƙi da ake cusawa a jikinta, kamfanin Tamaya na Japan kuma, wanda ya shahara da ƙera sekistan, ya fitar da NC-77 wadda aka gina domin wannan aiki kaɗai. Saboda haka ƙarfin lissafi ba shi ne ma'auni ba a yau, domin kusan kowace kalkuleta tana da shi har ya yi yawa. Abin dubawa shi ne irin batirin da take ci, ko tana mance manhaja idan wuta ta yanke, yadda take karɓar digiri da minti, da kuma ko mai ita zai iya karanta abin da ya rubuta a ciki bayan shekara guda ya gane.

A kan ma'auni na farko da na biyu ne fx-5800P ta yi zarra. Ta fito a 2006, nauyinta kusan giram 150, kuma batir ɗaya tak take amfani da shi, ƙaramin nan na AAA da ake sa wa rimot, wanda babu tashar jirgin ruwan da za a nema a rasa. Kamfanin ya ƙiyasta cewa batir ɗaya yana kai kimanin shekara idan ana aiki da ita awa guda a kullum. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ma'ajiyarta irin wadda ba ta gogewa ce idan an cire batir, don haka wanda ya ajiye ta a akwati ya dawo ya tarar batirin ya mutu, da ya sa sabo zai sami manhajojinsa yadda ya bar su. Na'urar da aka tanada domin ranar da komai ya lalace, idan ita ma tana buƙatar caji daga wutar jirgi ko tana wayewa babu komai a kanta, to ba ta cika sunanta ba. Girman ma'ajiyar bayit 28,500 ne, wanda a idon mai wayar zamani ba komai ba ne, amma manhajar da ke gyara kusurwa ta fitar da Hc da fuskar tauraro, wato kusurwarsa daga arewa, ba ta cin ko da kashi ɗaya bisa goma na wannan, sauran kuma ya isa a zuba lissafin tafiya bisa ƙiyasi, da na gajeriyar hanya a kan doron ƙasa, da na latitud da tsakar rana.

Harshen da ake rubuta mata manhaja da shi mai sauƙi ne, yana da If da For da While, ana iya ba kowace manhaja suna, wata kuma ta kira wata, sannan allonta mai layi huɗu yana ba da damar a rubuta tambaya da haruffa, misali LAT domin latitud, ko DEC domin karkatar tauraro, ko GHA, kafin a shigar da adadi. Wannan ƙaramin abu yana hana babban kuskure, domin mutumin da barci ke ɗiba yana iya sa longitud a gurbin latitud idan abin da yake gani a allo harafi ɗaya ne da alamar tambaya. Tana da gurabun ajiya 26 daga A zuwa Z, ana kuma iya buɗe ƙarin jeri da umarnin DimZ, wanda ke da amfani ga mai son adana awon taurari uku ko huɗu a lokaci guda.

Shigar da kusurwa shi ne wurin da na fi jin daɗin Casio. Sekistan da Almanac duka suna bayar da digiri da minti da ɗigon minti, kamar 43°46.1', kuma maɓallin digiri na wannan kalkuleta yana karɓar hakan kai tsaye: a danna 43, a danna maɓallin, a danna 46.1, a sake danna shi, shi ke nan. A kalkuletocin HP kuwa tsarin da aka saba shi ne a rubuta 43.4606, inda lambobi biyu na ƙarshe sakan ne, don haka sai mai awo ya mayar da ɗigon minti zuwa sakan a kansa, ko ya rubuta wata 'yar manhaja da za ta yi masa. Sai dai Casio ɗin ma ba ta kuɓuta gaba ɗaya ba, domin idan za ta nuna amsa tana nuna ta ne da digiri da minti da sakan, wanda ba shi ake zanawa a taswira ba. Maganin wannan layi biyu ne a ƙarshen manhaja, ɗaya ya ware cikakken digiri da Int, ɗaya ya ninka ragowar da 60, kuma ina ba kowa shawarar ya rubuta su tun ranar farko.

Akwai wata dabara da ta sa nake fifita duk kalkuletar da ke da umarnin Pol( a fili, kuma fx-5800P tana da shi. Gano fuskar da tauraro yake, wato kusurwarsa daga arewa, shi ne matakin da ke rikita ɗalibai a jadawali, saboda dokokin a ɗebe daga 360 ko a ƙara 180 waɗanda ke sauyawa gwargwadon ɓangaren duniyar da ake ciki da girman LHA. Idan aka lissafa adadi biyu, na farko cos L × sin d − sin L × cos d × cos LHA, na biyu −cos d × sin LHA, aka miƙa su ga Pol(, kalkuletar tana ajiye kusurwar a gurbin J, kuma ita ce fuskar tauraron kai tsaye, illa a ƙara mata 360 idan ta fito da alamar ragi. Babu wata doka da za a haddace, kuma babu rabawa da adadin da zai iya zama sifili, abin da ke da muhimmanci a yankinmu na tsakiyar duniya inda Rana takan bi ta kusan tsakar ka. Wanda ya gama rubuta manhajarsa yana iya gwada ta da wannan misali: latitud 5°00' arewa, karkatar Rana 20°00' arewa, LHA 45°00'. Ya kamata Hc ya fito 43°46.1', fuska kuma 293°. Idan tsayin da aka auna bayan gyara 43°50.1' ne, tazarar mil 4 ce zuwa wajen Rana, kuma a nan ne za a ja layin matsayi a gicciye da fuskar. Idan amsa ta saɓa, abin da za a fara dubawa shi ne ko kalkuletar tana kan digiri, shi ya sa ya dace umarnin Deg ya zama layin farko na kowace manhaja.

Batun alamar ƙari da ragi yana buƙatar kulawa ta musamman ga masu aiki a Mashigin Gini, domin a nan ne layin ikwaita da layin Greenwich suka gicciya, kudu da gaɓar Ghana, kuma layin Greenwich ɗin ya ratsa ta garin Tema. Jirgin da ya tashi daga Legas zuwa Abijan yana fita daga longitud na gabas ya shiga na yamma, wanda ya nufi Luanda kuma yana barin latitud na arewa ya shiga na kudu. A gabas ana ƙara longitud a kan GHA domin a sami LHA, a yamma ana ragewa. Hanyar da ta fi tsafta ita ce a tsayar da doka ɗaya, arewa da gabas ƙari, kudu da yamma ragi, a sa manhajar ta riƙa ƙarawa kullum, sannan a rubuta dokar a ɗan takarda a manna a cikin murfin kalkuletar. Matuƙin da ke zirga-zirga a arewacin Atlantika yana iya shekaru bai taɓa sauya alama ba, namu kuwa yana iya sauya biyu a mako guda.

Wani amfanin rubuta manhaja da hannu shi ne a daidaita ta da yanayin da ake ciki. Jadawalin lanƙwasar haske na yau da kullum an gina shi ne a kan zafin digiri 10 da nauyin iska na milibar 1010, alhali a tekunmu zafi yakan kai 30. Ƙa'idar da G. G. Bennett ya wallafa a 1982 layi ɗaya ce a kalkuleta, gyaran zafi kuma ninkawa ne da 283 a raba da jimillar 273 da zafin ranar, wanda a digiri 30 yake rage lanƙwasar da kusan kashi 7 cikin ɗari. Ga tauraron da ya yi sama sosai wannan ba ya nuna kansa, amma ga wanda ke digiri 10 daga layin teku, inda lanƙwasar ta haura minti 5, bambancin yana kai sulusin mil. Haka kuma wanda ke koyo a Kano ko Damagaram, inda babu teku, yana iya amfani da faranti mai ɗan zurfi da aka zuba wa baƙin mai, ya haɗa Rana da hotonta da ke cikin man, ya raba kusurwar biyu, kuma a wannan hali ba a cire saukar layin teku. Ƙara wa manhaja tambaya ɗaya da za ta zaɓi tsakanin teku da faranti abu ne na minti biyar. Sai dai a tuna cewa sekistan yana tsayawa ne a wajen digiri 120, don haka Ranar da ta haura digiri 60 ba ta aunuwa da faranti. A Kano da ke latitud 12° arewa, tsakar ranar watan Disamba tana kusan digiri 55, tana shiga, amma a yawancin watanni sai dai a yi awo da hantsi ko da la'asar.

Gazawar fx-5800P mafi girma ita ce kamfanin bai ba ta hanyar haɗuwa da kwamfuta ba. Duk manhajar da za ta shiga sai an danna ta harafi bayan harafi, umarnin kuma a nemo su a cikin jerin zaɓi, kuma kuskuren lamba ɗaya a tsakiyar dogon layi ba ya ihu, sai dai ya riƙa bayar da amsa mai kama da gaskiya. Abin da take da shi shi ne 'yar kafar waya da ake haɗa ta da 'yar'uwarta ta igiyar SB-62 a kwafe komai, saboda haka shawarata ita ce a sayi biyu, a rubuta a ɗaya, a gwada har a gamsu, a kwafe zuwa ta biyun, sannan a rubuta manhajar baki ɗaya da biro a bayan littafin aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wannan aiki ne na gida a kan tebur mai tsayuwa, tare da misalan da aka riga aka san amsarsu. Ba ta da agogo a ciki, wanda ba na ɗauka babbar asara, domin lokacin awo daga agogon hannu mai inganci ake ɗaukarsa, wanda aka san yawan gaggawarsa ko jinkirinsa a kullum. Kuskuren sakan huɗu kacal yana karkatar da longitud da minti ɗaya, wato mil guda a kusa da ikwaita. Allonta ba shi da fitila, kuma awon taurari da magariba ko da asuba ake yinsa, a cikin ɗan lokacin da ake ganin tauraro da layin teku tare, wanda a yankinmu gajere ne ƙwarai, don haka dole a tanadi 'yar tocila mai jan haske. Murfinta na roba ne mai buɗewa a kan mahaɗi, yana kare maɓallai da kyau amma yana son a lallaɓa shi, kuma jikinta ba ya hana ruwa shiga, don haka wurinta teburin taswira ne ko cikin leda mai zif.

Tambayar da ta fi raba kan masu wannan sana'a ita ce ko a zuba wa kalkuleta Almanac ɗin kansa, ta yadda da an ba ta kwanan wata da lokaci za ta fitar da matsayin kowane tauraro. Ga Rana abin mai yiwuwa ne, domin akwai gajeriyar ƙa'ida ta layuka kaɗan da ke bayar da matsayinta da kuskuren da bai wuce kusan 0.01 na digiri ba, wato ɗan fiye da rabin mil, daga 1950 zuwa 2050, kuma fx-5800P tana ɗaukarta cikin sauƙi. Abin kiyayewa kawai shi ne a ƙirga kwanaki daga farkon shekarar 2000 maimakon a yi aiki da cikakken adadin ranar Juliyan, wato ƙirgen kwanaki na masu ilimin taurari, mai lambobi bakwai kafin ɗigo. Taurarin tuƙi 57 ma suna iya shiga idan mutum yana da haƙurin danna alƙalumansu. Wata kuwa labarinsa daban ne, domin tafiyarsa tana buƙatar gomman gyare-gyare, kowanne da dogayen lambobinsa, haka ma Venus da Mars da Jupiter da Saturn, kuma danna wannan duka da yatsa ba tare da kuskure ba abu ne da ba zan ɗora ran mutane a kansa ba. Ra'ayina shi ne a sa ƙa'idar Rana a matsayin tanadi, a kuma riƙe bugaggen Almanac na shekarar da ake ciki. Na bara ma yana aiki ga Rana da taurari idan an bi gyaran da littafin ya bayyana, amma ba ya aiki ga Wata da duniyoyi.

Wanda ya ƙudurta cewa lallai yana son komai a cikin na'ura ɗaya, TI-89 Titanium tare da manhajar StarPilot ta makarantar Starpath da ke Seattle ita ce amsar da aka daɗe da sani. Tana ɗauke da Almanac na Rana da Wata da duniyoyi da taurari, tana taimakawa wajen zaɓen taurarin da za a auna kafin magariba, kuma tana haɗa layuka ta fitar da matsayi. Kuɗinta ya fi yawa nesa ba kusa ba, tana cin batir AAA huɗu da wani ƙarami na tanadi, kuma abin da ya fi damuna shi ne ɗalibin da ya fara da ita yana iya samun amsa daidai ba tare da ya san inda ta fito ba, ranar da ta ba shi amsar banza kuma ba zai gane ba. SwissMicros DM42, wadda ta fito a 2017 tana bin tsarin HP-42S ta hanyar manhajar Free42, na'ura ce mai kyan ƙira da jikin ƙarfe, da agogo, da kafar USB, kuma ana iya rubuta manhaja a gwada a kwamfuta kafin a tura mata, wanda shi ne ainihin abin da Casio ta rasa. Amma tana aiki ne da tsarin RPN, inda ake fara shigar da lambobi kafin alamar lissafi, wanda sai an saba, batirinta kuma mai kama da kwabo ne na CR2032, farashinta kuwa ya ninka na Casio. HP 35s an daina ƙera ta a 2021, sunayen manhajojinta harafi ɗaya ne, kuma juya lambobi biyu zuwa kusurwa a cikinta sai an bi ta doguwar hanya, don haka ba na ganin dalilin farautarta. Ƙananan Casio irin fx-3650P II, masu bayit 390 da gurabun ajiya bakwai, suna ɗaukar Hc da fuska su tsaya nan. Wadda ta fi matsowa kusa a ganina ita ce fx-9750GIII, mai USB da babban allo da harshe kusan iri ɗaya, kuma wanda rashin haɗuwa da kwamfuta ya dame shi ƙwarai yana iya komawa gare ta, ya haƙura da girmanta da batir huɗu.

Wayar hannu tana da manhajojin da suka fi duk waɗannan iyawa, kuma babu laifi a yi amfani da su wajen tantance amsa yayin koyo. Amma allon taɓawa ba ya jin jiƙaƙƙen yatsa, cajinta daga wutar jirgin yake zuwa, kuma tsawar da ta ƙona na'urorin jirgi tana iya haɗawa da duk abin da ke jone. Kalkuleta ta biyu da aka cire wa batir, aka sa a leda tare da sababbin batura biyu, aka rufe a gwangwanin ƙarfe, ta fi kusa da tsira.

Ɗalibai su lura cewa hukumomin jarrabawar hafsoshin jirgi da yawa ba sa barin a shiga da kalkuleta mai ɗaukar manhaja, saboda haka fx-5800P ba ta ɗauke wa kowa koyon jadawali da yin lissafin mataki-mataki da kalkuletar kimiyya ta yau da kullum ba, kuma ya kamata a tambayi dokar makaranta kafin ranar jarrabawa. Wajen saye kuma, jabun Casio sun yi yawa a kasuwanninmu, musamman nau'in fx-991, don haka gara a nemi dila amintacce. Shagunan da ke sayar da kayan masu safiyo su ne wurin da aka fi samunta, domin ma'aikatan awon ƙasa da na gina hanyoyi sun daɗe suna aiki da ita. Kafin a bar shagon a rubuta 'yar manhaja ta layi ɗaya, a kashe, a cire batir na ɗan lokaci, a mayar, a ga ko tana nan, sannan a tambayi igiyar SB-62 tun a lokacin, domin sau da yawa daban ake sayar da ita.